Lambobi Uku a Bayan Kaye

"Kashe ta! Kassim, kashe ta, tana wari!" Mama Esta ta faɗa daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen zanenta.

Kassim ya fizge wayar daga bango. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin tsohuwar kwamfutar ya bi hasken taga. Mushe Filibus yana kishingiɗe a kan gado, idanunsa da ciwon sukari ya rufe suna kallon rufi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ku bar ta," ya ce da ya samu numfashi. "Shekara ashirin ba ta ce uffan ba, yau ta yi atishawa kuna mata faɗa. Injiniya, me ya ƙone?"

"Gidan zanzaro ne, Baba. Sun yi gini cikin akwatin wuta, ɗaki biyu da zaure."

"To ba su biya haya ba, kore su."

Suka yi dariya su uku. Ni ina zaune kan kujerar roba a ƙarshen gado, littafi buɗe a cinyata, yatsana a kan layin da muka tsaya jiya. Ba wanda ya tambaye ni layin.

Sunana Habu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Mushe Filibus a Sabon Gari, kuma bedin gidansu, wato itacen dogon yaro, rabin inuwarsa a tsakar gidanmu take faɗuwa. Shi ya koya wa rabin unguwar karatu kafin ya yi antire ya ajiye aiki, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda muke kiran malamin boko. Mu musulmi ne, su kirista, amma ban san ranar da na fara shiga gidan ba, kamar yadda ban san ranar da na fara tafiya ba. Da idanunsa suka tafi shekara biyu da suka wuce, ya sa aka haɗa littattafansa cikin kwali aka miƙo mini ta kan katanga. Tun daga ranar, duk bayan la'asar ina ɗakinsa ina karanta masa. Wani lokaci nasa, wani lokaci abin da na rubuta da kaina. Shi kaɗai ne a duk Damagaram yake ce mini marubuci ba tare da ya yi murmushin mugunta ba. Sa'ar nan ta la'asar ita ce abin da na mallaka a duniya.

Sai ga Kassim.

Ajinmu ɗaya da shi a lakwal, makarantar boko. Ɗan Takeita ne, a bayan aji yake zama, kuma ni nake rubuta masa insha'i yana ba ni gyaɗa. Yanzu yana da rumfa kusa da Kasuwar Dole yana gyaran waya. Mama Esta ce ta kai masa tata, ta ba shi labarin tsohuwar kwamfutar mijinta, wadda shi ordinatar yake ce mata. Mushe ya saye ta ne lokacin da wani biro, wato ofishi, ya yi gwanjon kayansa. A shekarar da mahaifiyarsa ta zo daga Guna jinya, ya zaunar da ita tana rera masa waƙoƙin niƙa, irin waɗanda mata ke yi a kan dutse kafin inji ya zo, shi kuma yana bugawa da yatsa biyu. Arba'in da wani abu, in ji shi. Ta rasu a damanar. Bai taɓa fitar da su a takarda ba, kullum sai gobe, har ordinatar ta daina tashi aka rufe ta da tsohon labule.

Yanzu likita ya sallamo shi gida, ya ce a ba shi duk abin da yake so. Abin da ya ce yana so shi ne ya sake jin waƙoƙin uwarsa, don sun zube daga kansa, saura guntaye.

Na daɗe da sanin waƙoƙin nan. Na yi mafarkinsu. Na ga littafi da sunansa a sama, nawa a ƙasa da ƙananan haruffa, har na rubuta gabatarwar a kaina.

Kassim ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗakin ya baje cikin injin kamar mahauci. Kullum da la'asar yake zuwa, don lokacin ne kasuwa ke sanyi. Wato sa'ata. Ya wanke allon ciki da buroshin haƙori da ruwan tsami, inda pil, ɗan batirin ciki, ya fashe ya zubar da wani gishiri kore ya cinye hanyoyin tagulla. Ya ɗinke hanyoyin da siraran wayoyi da dalma, ɗakin ya cika da warin ƙaro. Ya ciro wasu 'yan sanduna huɗu ya goge bakinsu da abin goge fensir. Duk abin da ya taɓa sai Mushe ya tambaya.

"Wannan ƙarar ta mece ce?"

"Fanka ce, Baba, na ɗiga mata man keken ɗinki."

"Ba ni in taɓa."

Sai Kassim ya ɗora masa abin a tafin hannu, ya kama yatsunsa ya bi da su kan ƙarfen. Ni shekara biyu ina karanta masa, bai taɓa riƙe hannuna haka ba. Na kalli hannun Kassim, duk tabon ƙuna, farce baƙi. Na kalli nawa, fes, ba abin da ya iya sai juya shafi.

"Mushe, mu ci gaba?" na ce. "Mun tsaya inda jirgin ya bar gaɓa."

"Bar jirgin nan, marubuci, ba zai nutse kafin gobe ba. Injiniya, sai me?"

Ran Lahadi, bayan an dawo daga majami'a, ordinatar ta tashi. Ta yi ƙara ɗaya gajeriya, allon ya yi haske, rubutu kore ya fito yana ƙidayar lambobi. Mama Esta ta yi guɗa. Mushe ya ɗaga hannu biyu sama, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Ki ji ni, Esta, ke ce shaida," ya ce. "Wanda ya tashe ta, tasa ce. Da ita da abin da ke cikinta."

Da abin da ke cikinta. Na ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashina.

Amma ƙidayar na ƙarewa sai ta tsaya, ta rubuta layi ɗaya ta yi shiru. Kassim ya daɗe yana kallon allon, yana sosa ƙeya da abin kwance noti.

"Baba, da saura. Ba ta ga faifanta da ke riƙe da rubutun ba."

"Ya mutu?"

"Yana juyawa, ina jin sa. Amma irin waɗannan tsofaffin ba su gane faifai da kansu. Sai an gaya musu girmansa da lambobi uku, pil ne ke riƙe musu. Pil ya mutu, ta manta. Takardar da ke manne a jikin faifan kuma kyankyasai sun cinye ta, ko sunansa babu. Na gwada haɗa shi da tawa ta rumfa, ta ce ba ta san shi ba."

"Ka yi ta gwadawa mana," in ji Mama Esta. "Lamba uku kawai?"

"Mama, faifan ya tsufa. Duk tashin da ya yi yana iya zama na ƙarshe. In kuma na sa na kuskure, tana iya taka rubutun. Wanda ya haɗa ta tun farko, bai bar wani abu a rubuce ba?"

Mushe ya motsa leɓe. "Ya bari. Wani ɗan Kwatano ne, ya ce in rubuta in adana kamar takardar haihuwa. Na rubuta, na tabbata na rubuta. A ina ne dai..." Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ko da yake ban yi motsi ba. "Habu, cikin kwalin nan da na ba ka, duba mini. Akwai kayena, littattafan rubutuna na darasi, a ciki."

"To, Mushe. Zan duba."

Ba sai na duba ba. Na san kwalin nan kamar aljihuna. Kaye ne mai shuɗin bango, kuma a cikin bangon baya, da jan alƙalamin bik, akwai rubutunsa mai kwanciya: Ordinatar, 977, 5, 17, kada a manta. Na sha ganin layin, har na taɓa zaton lambar wani ce. Da na koma gida na ciro shi, na karanta lambobin sau uku, na mayar da shi ƙarƙashin sauran littattafan.

Ba zan ce na yi niyyar hana shi ba. Wallahi ban yi ba. Abin da na shirya daban ne. Kassim ya ce in Juma'a ta zo bai samu hanya ba, zai ɗaga hannu, a nemi mai kai faifan Kano. Na ce to, bari ya ɗaga hannun. Bari ya faɗa da bakinsa, a gaban Mushe, cewa ya kasa. Sannan in shigo da kayen, in ce na kwana biyar ina tono. Sai a ga wanda ya tashe ta. Na karanta littattafai da yawa, na san yadda ake shigowa a daidai lokaci.

Ran Litinin na ce ban kai ƙasan kwalin ba. Ran Talata na ce gara ta taɓa wasu, sai a hankali.

"Marubuci da kwali ɗaya kwana biyu," in ji Kassim, yana dariya ba da wata manufa ba. "Ko kana tsayawa kana karanta kowanne?"

"Ba kowa ne ke buɗe littafi don neman lamba ba," na ce.

Ya kalle ni, ya mayar da kai ga aikinsa. Mushe ya ce, "Kai, ku bari. Ɗaya hannu, ɗaya baki, ku biyun ba ku kai mutum ɗaya ba." Muryarsa ta yi ƙasa a ranar. Kokon da Mama Esta ta kawo ya huce a kan kujera, ya yi fata.

Ran Laraba zafi ya yi tsanani, kuran, wato lantarki, ya ɗauke tun hantsi. Na shiga na tarar Mama Esta na yi masa fifita, ƙafafunsa sun kumbura har ba a ganin idon sawu. Kassim na zaune a ƙasa ba abin yi, yana jera notuna bisa girma a cikin murfin kwano. Na buɗe littafi na fara karatu, yau ba mai katse ni. Na yi shafi biyu ina jin daɗin muryata. Sai Mushe ya ɗaga yatsa.

"Akwai wadda take cewa, dutse, dutse..." Ya tsaya. Ya sake gwadawa da wata 'yar murya, ta karye. "Ya tafi. Daga nan ban san me ta ce wa dutsen ba." Ya juyo. "Habu, ba ka gani ba?"

Kayen yana gidanmu, taku ashirin. Na ji ƙafafuna sun shirya tashi. Sai na ga hannunsa na hagu ya sauko daga gado yana lalube, ya sami kafaɗar Kassim ya tsaya a kai.

"Saura kaɗan, Mushe," na ce. "Gobe in sha Allah."

"To, gobe," ya ce. "Allah ya kai mu."

Na fasa jiran Juma'a. Na ce Alhamis da la'asar zan kai, ya isa haka. Na goge farar rigata tun da safe, na sa kayen a jaka, na tafi lakwal ɗin da nake koyarwa, ina maimaita abin da zan faɗa in na shiga. Da na dawo wajen azahar, tun daga kwanar mai garuwa na ga an fito da benci ƙofar gidansu. Babana na zaune a kai da carbi, kusa da fasto. Daga ciki mata na rera waƙar majami'a a hankali, wata murya na fita daga layi tana komawa.

"Wajen sha ɗaya," in ji babana. "Ya nemi ruwa, kafin a kawo."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Na ji nauyin kayen nan kamar an cika jakar da duwatsu.

Aka binne shi ran Juma'a da safe. Unguwa duka ta fita, masu hula da marasa hula, tsofaffin ɗalibansa har da masu furfura. Na ɗauki akwatin gawar tare da Kassim, shi a dama ni a hagu. Yana kuka a fili kamar yaro, majina da hawaye. Ni ko ɗigo. Har wannan ma na ji haushinsa, cewa shi yana da damar yin kuka.

Ran Asabar da la'asar na hango shi ya shiga gidan da jakar kayan aikinsa. Na bi shi. Tsakar gida cike da mata masu gaisuwa, Mama Esta a tsakiyarsu kan tabarma. Muka gaishe ta muka wuce ɗakin. An naɗe katifar an jingine ta a bango, gadon ya rage ƙarfe da igiya. Ordinatar na nan kan tebur, cikinta a buɗe. Kassim ya durƙusa yana tattara kayansa.

Na ciro kayen, na buɗe bangon baya, na ajiye a gabansa.

Ya karanta. Ya sake karantawa. "Kai! Ka same shi. Da kwana biyu kawai..." Ya dafe kai. "Yau ka gano shi?"

Da na ce e, da ya yarda. Kassim bai iya zargi ba.

"Tun Lahadi," na ce. "Tun kafin Lahadi ma. Na san inda yake."

Ya ɗago ya dube ni. Na jira ya zage ni, ko ya kai mini duka, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya dube ni kamar yadda yake duban waya da ta faɗa ruwa, yana neman inda ruwan ya shiga.

"Don me?"

"Ya ce wanda ya tashe ta, tasa ce."

"Akwatin?" ya ce. "Habu, akwatin kake so? Da ka faɗa."

"Ba akwatin ba."

Sai ya gane. Ya saki wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni me zan yi da waƙa? Ni da kake rubuta wa insha'i? Ran Talata bayan ka fita ya ce mini, in ta tashi kada in kuskura in karanta masa, wai muryata ta masu tallan gawayi ce. Ya ce a kira marubuci. Har ya sa na sayo kile, ɗan filashin nan na adana rubutu, in zuba maka su." Ya laluba aljihu ya ciro ɗan abin, sabo, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ajiye shi a kan kayen.

Na rasa inda zan sa idona.

"Za ka gaya wa Mama?" na ce.

"Ni mai gyaran waya ne. Wannan kai za ka san yadda za ka yi da shi." Ya share fuska da bayan hannu. "Matsa, kuran na nan, kada ya ɗauke."

Ya sa wayar a bango. Fanka ta ɗauka, ƙara ɗaya, ƙidaya. Ya danna wani maɓalli, wani shafi ya buɗe mai layuka, ya sauka har inda ake sa lamba da hannu. Ya ce in karanto masa. Na karanto: ɗari tara da saba'in da bakwai, biyar, sha bakwai. Ya buga da yatsa ɗaya, yana duba kowace sau biyu. Ya kashe, ya kunna.

Faifan ya yi wani gurnani, ya yi ƙas-ƙas kamar ɓera cikin rumbu, ya yi shiru. Sai ya sake ɗauka, haruffa suka fara zubowa. Kassim ya buga wani abu gajere, sunaye suka jeru daga sama har ƙasa: INNA1, INNA2, INNA3, har suka wuce allon. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Minti biyu.

Ya buɗe ta farko, ya tashi daga kujerar ya koma bakin taga ya ba ni baya.

Na zauna. Rubutun kore ne, babu ƙugiya a kan haruffa don injin bai san su ba, sai da na riƙa mayar da su da bakina. Ba ta dutse ba ce ta farko, ta ruwan sama ce. Ta biyu ta wata saniya. A ta bakwai na same ta. Ban san na fara karantawa a fili ba sai da na ji muryata a ɗakin.

"Dutse, yi haƙuri da hannuna,
geron bana kaɗan ne.
Ɗana ya tafi birni karatu,
wa zai ce tuwon ya yi gishiri?"

Hirar tsakar gida ta ragu. Na ji takun silifa, inuwa ta rufe hasken ƙofa. Mama Esta ce, ta dafa dokin ƙofar, tana kallon allon, sannan gadon. Na tsaya.

"Ci gaba," ta ce.

Na ci gaba, amma kalmomin na fita ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Habu," ta ce, da irin muryar da take aikena kanti. "Kuma ka koma ta damansa, kunnen hagun nan ba ya..."

Ta tsaya. Ta kai hannu ta rufe bakinta.

Fankar injin na ta juyawa. Kassim ya zo ya kama gefen tebur ɗaya, na kama ɗaya, muka ja shi a hankali iyakar tsawon waya, har ya zo ta daman gadon. Mama Esta ta zauna a bakin ƙarfen, ta ɗora tafin hannunta a kan igiyoyin.

Na ɗaga murya na soma daga farko.